INA BAƘO ZAI SAUKA? KWANA UKU A TSOHON SORO CIKIN BIRNIN KATSINA

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta isa sauraron murya ba da kuma masu son karantawa a nitse.

Yau maganar gida za mu yi. Mu Katsinawa ba ma gajiya da kirarin "ta Dikko ɗakin kara", har a lambar motocinmu taken jihar na karɓar baƙi ne. To amma ga tambaya: idan baƙo ya taso takanas don ya ga tarihin Katsina, ya ce yana son ya kwana cikin birni, a gidan da shi kansa tarihi ne, ina za ka kai shi?

Ni dai wannan tambayar ta kama ni a Ƙaramar Sallar da ta wuce. Abokaina biyu da muka yi jami'a tare, ɗaya Bazazzagi ɗaya kuma ɗan Maraɗi, suka ce za su zo kallon hawa. Bazazzagin zanen gine-gine ya karanta, shi ne ya kafa mini sharaɗi. Ya ce, "Malam, kar ka kai mu otal a GRA. Irin wannan ɗakin ko'ina akwai shi. Ni soron ƙasa nake so, inda zan ji kiran assalatu daga masallacin unguwa, in fito in taka da ƙafa zuwa Gobarau."

Na yi mako guda ina cigiya, ban dace da gidan ƙasa na da wanda aka tanada don saukar baƙi ba. Daga ƙarshe wani abokina ya roƙa mana kakansa, dattijo mai shekara tamanin da ɗoriya, ya ba mu aron ɗakin da ke bayan zaurensa. Ni ma na tattara na bi su, duk da gidanmu bai fi tafiyar minti goma sha biyar a Keke Napep ba. Kwana uku muka yi. Abin da na koya a kwanakin nan shi nake son mu tattauna.

GIDAN DA BAƘI SUKA GINA

Ranar da muka isa, bayan mun durƙusa mun gaisa, Baba ya nuna ɗakin da sandarsa ya ce, "Ɗiyana, ba ku kuka fara ba. Ɗakin nan don baƙi aka yi shi. Kakana fatoma ne."

Na san da yawa cikinmu ba su taɓa jin kalmar fatoma ba. Fatoma shi ne mai masaukin fatake. Kafin mota da jirgin ƙasa, ayari kan shigo Katsina da gishiri daga Bilma, da kayan Arewacin Afirka ta hanyar Agadas, da goro daga ƙasar Gwanja. Baƙon da ya zo bai san kowa ba, wani lokaci ko Hausa ba ya ji. Sai ya sauka gidan fatoma. Fatoma zai ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, idan an sayi kaya bashi kuma shi zai tsaya. Galibi ba kuɗin ɗaki ake biyansa ba, rabonsa yana cikin la'adar cinikin. Kun ga ke nan ribarsa tana ɗaure da jin daɗin baƙonsa. In ya cuce shi, baɗi ba zai dawo ba, kuma zai faɗa wa sauran fatake.

Wannan tsarin ya bi Hausawa duk inda suka je. Unguwannin da ake kira zango a Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana daga nan sunansu ya samo asali. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna nan kusa da mu a Ɓatagarawa, ta yi rubutu a kan tsarin masu masauki da dillalai tun a shekarun 1960.

Ba fatake kaɗai Katsina ta saukar ba. Shaihu Al-Maghili ya biyo ta nan a ƙarshen ƙarni na 15. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo a 1851. Ya ƙiyasta kewayen ganuwar birnin ya kai mil 13 zuwa 14, ya kuma rubuta cewa a Katsina ne harshen Hausa ya fi wadata da daɗin furuci. Namu ma an sauke su a wasu ƙasashe. Muhammadu Al-Kashinawi, malamin lissafi ɗan Katsina, a Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan mai masaukinsa Hasan Al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar.

To ya aka yi abin ya ɓace? Dalili na farko, hanyar ciniki ta canza. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin teku, ayarin hamada ya ja baya. Na biyu, da Turawa suka zo sai suka gina nasu gidajen saukar baƙi a bayan gari, can bariki. Baƙo mai biyan kuɗi ya koma kwana a waje da ganuwa, nesa da idon unguwa. A ganina daga nan ne otal ya fara samun baƙin suna a wurin iyayenmu, har kalmar "ɗan bariki" ta zama zagi. Cikin birni ya riƙe baƙon zumunci, bariki ta ɗauke baƙon kuɗi.

ME YA SA SORON ƘASA YAKE DA SANYI?

Sallar ta faɗo tsakiyar bazara, lokacin da zafin Katsina kan haura digiri 40. Ranar farko da azahar aka ɗauke wuta. A gidanmu na bulo da kwano, in haka ta faru sai dai ka fito gindin bishiya. A ɗakin Baba kuwa muka shimfiɗa tabarma muka yi barci har la'asar.

Bazazzagin ne ya yi mana bayani, bari in taƙaita muku. Katangar ɗakin daga ƙasa ta fi kamu biyu kauri, tana sirancewa in ta yi sama. Ƙasa mai kauri haka ba ta barin zafi ya ratsa ta da sauri. Rana za ta yini tana dukan bayan katanga, amma kafin zafin ya iso ciki dare ya yi, iska ta sauya. Da dare katangar ta saki abin da ta tara, gari na wayewa ta sake yin sanyi. Shi ya sa da hunturu ɗakin ke da ɗumi cikin dare. Bulon siminti siriri ne, kwano kuma nan take yake ɗaukar zafi ya zubo maka a ka.

Ginin kansa ilimi ne. Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa a bar ta ta tsima, sannan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Rufin kuma da azara ake yi, wato tsagin itacen giginya, saboda gara ba ta cika cin ta ba. Matsalar azara ita ce ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta yi faɗi. Sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo: a jera azara hawa-hawa daga katanga biyu har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe da ƙasa. In bakan gizo da yawa suka haɗu a sama, shi ne ɗaurin guga. Da wannan dabarar Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Don kare gini daga ruwa kuma akwai makuba da ake yi da ɓawon ɗorawa, akwai laso da ake haɗawa da katsin marina, ga indararo da ke watsa ruwan rufi nesa da katanga.

Amma kar in yi muku daɗin baki. Gidan ƙasa yana da nasa wahalhalun. Banɗakin gidan Baba na gargajiya ne, ruwa kuma sai an sayo daga 'yan garuwa. Tagar ɗakin ƙarama ce, da rana ma sai ka kunna fitilar waya in za ka nemi abu. Sauro bai raga mana ba. Babbar matsalar kuma ita ce yaɓe. Duk shekara kafin damina sai an duba rufi, an toshe tsaga, an gyara indararo. Shekara biyu ko uku aka yi sake, ruwan Agusta zai yi aikinsa. Baba ya ce maginin da ya saba yi masa yaɓe ya rasu, 'ya'yansa kuma duk sun koma aikin siminti.

ABIN DA ƘAFA ZA TA KAI KA

Amfanin kwana cikin birni shi ne ba sai ka shirya "zuwa yawon buɗe ido" ba. Kana fitowa ka riga ka shiga.

Da sassafe muka nufi Hasumiyar Gobarau. A nan zan faɗi abin kunya: an haife ni a garin nan, na wuce ta gabanta sau ba adadi, amma sai ranar na fara hawanta, ina bin bayan baƙi. Tsayinta kusan mita 15 ne, kuma tarihin baka yana danganta ta da zamanin Muhammadu Korau, sarkin Katsina Musulmi na farko. Ragowar babban masallaci ce wanda ya kasance cibiyar karatu. In ka hau sama ka duba, za ka gane abin da nake nufi a shirin nan: kwano ta ko'ina, rufin soro kuwa sai ka ƙirga da yatsu.

Daga nan muka gangara filin Kangiwa da Ƙofar Soro, gaban Gidan Korau, inda hawan Sallah ke ƙarewa da jafi. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi ne tushen gidan da ke sarauta yanzu: Usman Nagogo, sai Muhammadu Kabir Usman, sai Mai Martaba Abdulmumini Kabir Usman tun 2008. Ɗan Maraɗin ya tsaya shiru a wurin. Daga baya ya tuna mana cewa bayan Ummarun Dallaje ya ci birnin a lokacin jihadi, sarakunan Haɓe arewa suka yi, zuriyarsu ta kafa Maraɗi, shi ya sa har yau sarautar can ake ce mata Sarkin Katsina. Ya ce, "Ni fa ba baƙo ba ne, gida na zo." Muka yi dariya, amma gaskiya ya faɗa.

Washegari muka je tsohon ginin Kwalejin Katsina, wanda shi ma da ƙasa aka yi shi. Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe ta a 1922. Ahmadu Bello ya yi karatu a nan daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933, haka ma Abubakar Imam. An mayar da makarantar Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Muka ziyarci kabarin Wali Ɗan Marina, muka ratsa Masanawa, unguwar Wali Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667. Muka ƙare a Ƙofar 'Yanɗaka, inda Lugga ya shigo birnin a 1903.

Duk wannan a kwana biyu, kuɗin motar da muka kashe bai kai na cin abincin rana ɗaya ba.

YADDA WASU SUKA YI

Ba sai mun je nesa ba. A Agadas, tsohon garin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013. Dab da babban masallacinsu mai hasumiyar ƙasa ta mita 27 akwai Hôtel de l'Aïr, tsohon gini da ake dangantawa da Kawusan, jagoran boren da aka yi wa Faransawa a 1916. An mayar da shi masauki, baƙo na zaune a saman soro yana kallon hasumiya. Gidan da Barth ya sauka a garin a 1850 ma yana nan ana nuna wa mutane. A Marrakesh ta Maroko da tsohon garin Zanzibar, gidajen da suka kusa rushewa da yawa sun tsira ne saboda an mayar da su masaukai. A Kano kuma an bi wata hanyar, Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa sun zama gidajen tarihi.

Sai dai kowane misali yana da darasinsa. A Marrakesh, yawancin gidajen baƙi 'yan ƙasashen waje suka saye, farashi ya tashi, 'yan asalin unguwa suka koma bayan gari. Gini ya tsira, unguwa ta watse. A Agadas kuma, da rikici ya ɓarke a arewacin Nijar a 2007, Turawa masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, masu masauki da 'yan rakiya suka shiga wani hali. Duk wanda ya ɗora kasuwarsa kan baƙon nesa kaɗai, labari ɗaya a rediyo ya isa ya rufe shi.

Mu ma ba za mu ɓoye ba, matsalar 'yan bindiga a wasu ƙananan hukumomin jiharmu ta sa mutane da yawa suna tsoron ko jin sunan Katsina. Don haka in za a yi, baƙonmu na farko ba Bature ba ne. Ɗalibai ne da malamai masu zuwa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Al-Qalam, da masu zuwa biki da kallon hawa, da 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da 'ya'yan Katsinawa da suka tashi a Abuja da Legas ba su taɓa kwana a ɗakin kakanninsu ba. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya. Abin mamaki, cikin dalilan da Clifford ya bayar na zaɓar Katsina don kwalejin har da nisanta daga layin dogo. Yau bayan shekara ɗari, jirgin yana tafe. Me zai tarar?

ABIN DA BABA YA FAƊA MINI

Daren ƙarshe muna zaune a zaure bayan isha'i, na ce, "Baba, da za a gyara ɗakin nan a riƙa saukar baƙi suna biya, za ka yarda?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Otal a gidana? Me zan ce wa maƙwabta?" Na ce ba otal ba, irin abin da kakansa ya yi. Ya yi murmushi ya ce, "To wannan daban. Amma ka makara, ɗiyana. Magada sun fi ashirin. Akwai mai kuɗin da ya riga ya taya, shaguna zai yi. Ƙasa kawai suke jira ta rufe mini ido."

Wallahi maganar nan ta hana ni barci. Kuma ban ga laifin magadan ba. Mutum yana da haƙƙinsa na gado, yana da kuɗin makaranta da na asibiti a gabansa, ba za ka ce masa ya ci tarihi ba. Gidan ƙasa da ba ya kawo ko sisi, kullum sai dai a kashe masa, dole wata rana a sayar. In muna son ya tsaya, sai ya iya ciyar da kansa.

Ga yadda nake ganin abin zai yiwu, kuma ina son ku gyara mini in na kauce.

Na ɗaya, mallaka ta zauna hannun 'yan gida. Maimakon a sayar, magada su ba da hayar ɓangaren waje na wasu shekaru, ko su mayar da shi wakafi, a riƙa raba abin da ya shigo bayan an cire kuɗin yaɓe. Tsarin gidan Bahaushe ya riga ya sauƙaƙa wannan: zaure da ɗakin baƙi suna gaba, cikin gida yana baya, baƙo ba ya ganin iyali.

Na biyu, a fara da mai unguwa da limami da maƙwabta kafin a sayi ko bokiti. A rubuta ƙa'ida: rajistar baƙo da katin shaida, lokacin rufe ƙofa, abin da ba a yarda da shi ba. In unguwa ba ta amince ba, a haƙura.

Na uku, a gyara abin da baƙo ba zai iya jurewa ba, a bar sauran yadda yake. Banɗaki mai tsafta, ruwa, gidan sauro, sola ta fitila da cajin waya. Amma kar a shafe katangar ƙasa da siminti. Siminti yana riƙe danshi a ciki, sai ginin ya ruɓe ta ciki ba a sani ba, wata rana ya zube gaba ɗaya.

Na huɗu, aikin na matasan unguwa ne: masu rakiya da suka san tarihi da gaske, ba masu ƙirƙirar labari ba, da mata masu girka tuwo da fura da waina, da yaran da za su koyi gini wajen sauran tsofaffin magina tun suna raye. Wannan na ƙarshen shi ya fi gaggawa, don gini in ya faɗi ana iya tayar da shi, amma in masu iya ginawa suka ƙare, shi ke nan.

Ba na cewa kowane gida zai zama masauki, ba na kuma cewa za a yi arziki da shi. Ko gida uku aka fara da su kusa da Gobarau, an samu abin nunawa.

IN KAI NE BAƘON

Kafin mu rufe, ga 'yar shawara ga wanda ya samu irin damar da muka samu. Ka yi sallama ka tsaya a zaure, kar ka wuce sai an ce ka wuce. Kar ka ɗaga waya kan mutane, musamman mata da yara, sai ka nemi izini. A kaburburan waliyyai ka tuna wurin ziyara ne, ba wurin ɗaukar bidiyon rawa ba. Ka fita da sassafe ko bayan la'asar saboda rana. Ka sayi abincin unguwa. In za ka tafi, ko an ce ba a karɓar kuɗi, ka bar wani abu da sunan kuɗin yaɓe. Mu da muka ce wa Baba haka, bai mayar ba.

Aikin da zan ba ku a wannan makon ƙarami ne. Duk wanda ke da tsohon soro a danginsu, a Katsina ne ko Daura ko Zariya ko Damagaram, ya je ya zauna da babban gidan ya tambaye shi: wa ya gina, yaushe aka yi yaɓe na ƙarshe, me magada suke shirin yi. Ku ɗauki hoto da izini ku ajiye, ku turo mana abin da kuka ji.

Ni kuma na yi wa abokina alkawarin zan zauna da manyan magadan gidansu bayan Babbar Sallah, in kai musu wannan shawarar a rubuce. Ko su karɓa ko su ƙi, zan dawo in faɗa muku yadda muka yi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba mu zaman lafiya a jiharmu da ƙasarmu baki ɗaya. Wassalamu alaikum.